Binciken Asali a Kwararafar Jos

Kwararafa unguwa ce a tsakiyar tsohon garin Jos, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ba nisa da Babban Masallacin Juma'a. An san ta da kasuwarta da kuma tsohuwar silimar Kwararafa, inda samarin zamanin baya suka sha kallon finafinan Indiya. Galibin mazaunanta Musulmi ne masu magana da Hausa, kuma a bakin maƙwabtansu duk sunansu ɗaya, Hausawa. Sai dai in aka ɗauki gidajen unguwar ɗaya bayan ɗaya aka bi salsalarsu, da wuya a kai ga kakan kaka ba a fita daga Jos ba. Wani gidan zai ɓulla Kano ko Kazaure, wani Bauchi, wani Kukawa ko Bida ko Damagaram, wani kuma, ta ɓangaren uwa, zai hau duwatsun da suka kewaye garin. Haka tarihin Gangare da Dilimi da sauran unguwannin cikin gari yake. Shi ya sa binciken asali, wanda a Katsina ko Zariya abu ne na yau da kullum, ya zama a Jos abin da ake sha'awa ake kuma ɗari-ɗari da shi.

Binciken asali tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma babban lokacinsa shi ne neman aure. Kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, iyayen yarinya kan tura wani dattijo ya binciko gidan su manemi: ɗan wane ne, mece ce sana'ar gidan, 'ya'ya ne ko bayi, akwai kuturta ko taɓin hankali a dangi. Dangin namiji su ma su yi nasu. Rabon gado na bukatar sanin nasaba daki-daki, domin alƙali ba ya raba dukiya sai ya tabbatar da wanda ya haifi wani. Sarauta kuwa dungurungum a kan tsatso take. Gidajen sarauta na da maroƙa da makaɗan fada masu jero kakanni cikin kirari, ga kuma rubutattun jerin sarakuna irin Tarihin Kano, wanda ya faro daga Bagauda. Malamai kan rubuta tasu nasabar, kamar yadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi ɗan littafi a kan danginsu Toronkawa. Talaka kuwa kundinsa tsofaffin matan gida ne. A tsohon birni wannan ya wadatar, domin gidan kowa sananne ne, kuma abin da kaka ta ɓoye maƙwabciya za ta faɗa.

Sunan da unguwar ke ɗauke da shi ya girme ta da ƙarnoni. Kwararafa daula ce, ko haɗakar al'ummomi, da ta yi ƙarfi a kwarin Binuwai da Gongola, wadda a yau ake danganta gadonta da Jukunawa da sarautar Aku Uka ta Wukari. Tarihin Kano ya ambace ta tun zamanin Sarki Yaji (1349–1385), wanda ya kai mata yaƙi. Ɗansa Kanajeji ya riƙa aika mata dawaki tana biyan sa da bayi. Daga baya reshe ya juye da mujiya. Mayaƙan Kwararafa suka auka wa Kano a zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618), suka dawo wajen 1653 a zamanin Kukuna, suka sake shiga birnin wajen 1671 a zamanin Dadi. Katsina ma ta ɗanɗana, haka nan Birnin Gazargamu na Borno, inda Mai Ali ya kore su.

A labarin Bayajida, Kwararafa na cikin Banza Bakwai, ƙasashen da aka ce sun fito daga Karɓagari ɗan ƙwarƙwara, ba daga Bawo ɗan Sarauniya Daurama ba. A wajen al'ummomi da yawa na tsakiyar Nijeriya kuwa, irin su Idoma da Alago da Ankwai, fitowa daga Kwararafa abin tinƙaho ne. Abin da ɓangarorin biyu ba su cika faɗa ba shi ne yadda jinin ya gauraya tun da wuri. Bayin da Kanajeji ya karɓa ba su koma gida ba, jikokinsu Kanawa ne. Tarihin baka a Kano na danganta asalin unguwar Yakasai da Jukunawa. A Wukari kuma akwai Abakwariga, zuriyar fatake da marina da masaƙa Hausawa da suka zauna cikin Jukunawa har suka zama wani reshe na garin. Mahdi Adamu ya yi bayaninsu a littafinsa na 1978 kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma. Don haka Bakanon da ya sauka Jos neman kuza, ba abin mamaki ba ne a ce akwai tsohuwar Kwararafa a jininsa bai sani ba.

Tsaunukan Filato sun yi ƙarni na 19 kewaye da masarautun jihadi: Bauchi ta gabas, Zazzau ta arewa maso yamma, Wase ta kudu maso gabas. Malam Yakubu, wanda ya kafa Bauchi, shi kansa Bageri ne, ba Bafulatani ba. Wasu al'ummomin gefen tsauni sun ƙulla amana da Bauchi, suna biyan gandu ana ƙyale su. Wasu, musamman Birom na kan tudu, sun tsare ƙasarsu da dawakansu da masu, ba a ci su da yaƙi ba. Tsakanin amana da yaƙi, mutane sun yi ta gangarowa daga duwatsu zuwa kasuwannin bayi, wasu an kamo su a hari, wasu an sayar da su a shekarun yunwa. Masu narkar dalma na Liruwen Dalma, waɗanda asalinsu Liruwen Kano ne, suna wanke kuza a rafukan yankin, su narka ta, su fitar da siraran sanduna da fatake ke kaiwa Kano da gaba da Kano. A kan wannan zamani ne gardamar farko take. Hausawan Jos na cewa kakanninsu na da zango a wajen Naraguta tun kafin Bature ya zo. Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, na cewa ƙasar gonakinsu ce da wuraren farautarsu, baƙi kuma kuza ce ta kawo su.

Sandunan Liruwe ne suka ja hankalin Kamfanin Neja. A 1902 ya turo G. R. Nicolaus ya binciko inda dalmar ke fitowa, H. W. Laws ya biyo baya a 1903, kuma ba da jimawa ba sansanin Naraguta ya zama cibiyar haƙar kuza. Daga wajen 1910 kamfanonin Ingila suka yi ta tururuwa. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya kai Bukuru a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan a 1927. A 1926 aka yanke Lardin Filato, Jos ta zama hedikwata. Turawa sun raba garin biyu: ɓangaren da suke mulka kai tsaye, inda su da Kwarori da ma'aikata 'yan Kudu suka fi yawa, da kuma cikin gari da ke ƙarƙashin En'e, mai alƙali da masu unguwanni. A wannan ɓangare na biyu zuriyar da ake magana a kanta ta kafu.

Mutanen duwatsu ba su yi saurin karɓar aikin lada ba, sai da haraji ya matsa musu. A shekarun farko daga ƙasar Hausa da Borno da Bauchi leburorin kuza suka fi fitowa. Akwai 'yan ci-rani da ke zuwa bayan girbi su koma kafin damina, har wata shekara suka ƙi komawa. Akwai waɗanda yunwar Kakalaba ta 1914 ta koro daga Kano da Katsina. Tsofaffin sojoji da 'yan alaro sun yada zango, mahauta da teloli da wanzamai da malaman allo suka biyo kuɗin da ke yawo a barikoki. Akwai kuma bayi. Dokar Gwamna Lugga ta hana cinikin mutane, ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan, bawan da ya gudo daga rinji, ko mai biyan murgu da ke tara kuɗin fansar kansa, ba shi da mafaka kamar filin kuza, inda heluma ba ya tambayar kowa ɗan wane ne muddin zai ɗauki kwano. Kashi na ƙarshe a kan tilas ya zo. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun dalma, sai gwamnati ta sa sarakuna su tara mata ƙarti daga lardunan Arewa. Wannan shi ne ɗiban gwamna, wanda aka yi daga 1942 zuwa 1944. Ya kwaso dubun-dubatar mutane, sanyin Filato da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da dama. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Cikin waɗanda suka rayu, ba kowa ne ya koma gida ba.

A barikokin Bukuru da Bisichi da Barikin Ladi da Gana Ropp da Dorowa, Hausa ce harshen aiki da ciniki, Musulunci kuma addinin mafi yawan baƙin da suka gangaro daga arewa. Barebari da Nufawa da Buzaye da Zabarmawa suka yi auratayya da Kanawa da Katsinawa, 'ya'yansu suka tashi ba sa jin kowane harshe sai Hausa. Maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba, saboda haka da yawa suka auri 'yan matan ƙauyukan da ke kewaye. Wasu matan su kaɗai suka iso, sun gudo daga auren dole ko daga kulle, suka yi zaman kansu ƙarƙashin magajiya, suna sayar da tuwo da fura, kafin daga baya su yi aure su kafa gidaje. Caca da giya da bashi sun yi katutu a barikokin, kamfanoni kuma ba su damu ba, tunda lebura mai bashi ba ya barin aiki. Har yau ba yabo ba ne a ƙasar Hausa a ce da mutum ɗan bariki. Amma daga cikin wannan zaman ne aka samu attajirai da malamai da mawaƙan da suka ɗaga sunan garin. Adamu Ɗanmaraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ɗan makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya tashi ba uwa ba uba, kuma sunan da duniya ta san shi da shi har rasuwarsa a 2015 bai jingina shi da kowane gari ba sai Jos.

Hausawan Jos na lissafa sarakuna 13 da suka riƙe cikin gari daga farkon ƙarni na 20 zuwa ƙarshen shekarun 1940, farawa da Bunu da Barde waɗanda suka zo da ikon Bauchi. Birom da Anaguta da Afizere kuwa na cewa waɗannan shugabannin baƙi ne kawai, ba sarakunan ƙasa ba. A 1947 Turawa suka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, daga baya aka sa garin Jos ƙarƙashin sarautarsa, wadda ta zama Gbong Gwom Jos, shugabancin Hausawa ya koma na wakilci. Tun daga nan jerin sunayen nan 13 ya tashi daga tarihin gidaje ya zama hujjar siyasa.

Mai neman asalinsa a Kwararafa da tsofaffi yake farawa, kuma a nan mata sun fi maza amfani. Dattijo zai jero maza, wane ya haifi wane, ya tsaya a kan wanda ya fi suna. Gwaggo ko iya ita ta san matar da aka saka, da ɗan da aka bayar riƙo, da kishiyar da ba ta jin Hausa ranar da aka kawo ta. Bayan baki sai suna. Baƙo a Jos da sunan garinsu ake kiran sa, shi ya sa cikin mazaɓun Jos ta Arewa akwai Ali Kazaure da Ibrahim Katsina, ga Sarkin Arab da Garba Daho da Abba Na Shehu. Sai dai laƙabin gari na ruɗi, domin mutum kan ɗauki sunan inda ya yi almajiranci, ko garin ubangidansa, ko tashar da ya hau jirgi. Zanen fuska ya fi suna faɗin gaskiya, in ban da 'ya'yan bayi da akan yi wa askar da ba ta kakanninsu ba. Tsohon hoton kaka mai zanen Barebari ko na Gobirawa ya isa ya rushe labarin da gida ya daɗe yana bayarwa, ko da yake askar ta ɓace daga fuskokin 'yan zamani. Har wasan barkwanci shaida ne. Wanda kakarsa ke tsokanar Fulani duk inda ta gan su yana da dalilin duba Borno, mai wasa da Yarabawa ya duba Gobir, mai wasa da Zagezagi ya duba Kano.

Takardu sun fi ƙaranci. A gidajen malamai akan tarar an rubuta ranakun haihuwa da rasuwa da ajami a bangon Alƙur'ani ko cikin kundi. Wasu gidajen na da takardar rabon gado daga kotun alƙali, ko ta fili, ko rasiɗin haraji, ko katin aikin kamfanin ATMN, babban kamfanin kuza na wancan zamani, ko fasfon aikin hajji mai ɗauke da garin haihuwa. Fayilolin Lardin Filato na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Gidan Arewa, shi ma a Kaduna, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ƙarƙashin Bernard Fagg, na ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Akwai kundin lardin da C. G. Ames ya fitar a 1934, da littafin Leonard Plotnicov na 1967 kan baƙin birnin, da na Bill Freund na 1981 kan jari da ƙwadago a filayen kuza. Duk da haka, wanda ya je Kaduna da fatan ganin sunan kakansa yakan dawo da sanyin gwiwa. Bature ya ƙirga masu biyan haraji da leburori da buhunan kuza ne. Suna sai na mai unguwa, ko ɗan kwangila, ko wanda ya shiga hannun 'yan doka. Mata kuwa kamar ba a yi su ba.

Tsofaffi kan tare mai yawan tambaya da cewa garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta, kuma suna da abin da suke gudu. Na farko bauta. Doka ta soke ta, addini ya ce tsoron Allah ne ma'aunin daraja, amma har gobe a ce gidan bayi ne ko na cucanawa na iya ɓata neman aure. Da yawa daga cikin waɗanda suka iso filin kuza sun zo ne don su yar da wannan tambarin. Suka sake suna, suka ce su mutanen Kano ne, aka bar su a haka. Jikan da ya tono labarin yakan rasa inda zai sa kansa. Ga kakan da ya tsinke igiya, ya tako daga nesa a ƙasa, ya gina gida da guminsa, abin alfahari ƙwarai. Ga kuma sirrin da mutumin ya ƙare rayuwarsa yana binnewa, wanda tona shi zai shafi ƙanne mata da ba su yi aure ba. Haka lamarin kakar da ta yi zaman kanta a bariki. Sau da yawa ita ce ta sayi filin da zuriyar ke zaune a kai, ta kai kanta Makka da kuɗin sana'arta, amma a bakin jikoki tarihinta daga ranar aurenta yake farawa.

Abu na biyu ya fi ɗaci a Jos ta yau, shi ne gano cewa dangi na tsallaken iyakar da rikici ya shata. Gidaje masu yawa a cikin gari na da kaka daga Birom ko Jarawa ko Angasawa ko Rukuba, wadda ta musulunta ta karɓi sabon suna, 'yan'uwanta kuma suka bi mishan suka zama Kirista. Kafin rikicin 2001 zumuncin na tafiya: a kai wa kawunnai naman layya, su aiko da acca da dankali, a halarci biki da jana'iza. Wasu gidajen kuma sun gaji labarin kakan da ya yi yaƙi a rundunar Bauchi ko Zazzau, kuma abin da ake yi masa kirari da shi a gida, a ƙauyen da ya kai wa hari labarin kamun mutane ne. Wanda ya haɗa jinin mahari da na wadda aka kamo ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Gaurayar ma ba ta tsaya ga Hausawa ba. Harsunan Angas da Sura da Ankwai dangin Hausa ne a iyalin harsunan Chadi, alhali na Birom da Jarawa da Jukun daga wani iyali suke. Janar Yakubu Gowon, ɗan ƙabilar Angas, a Wusasa ta Zariya ya tashi.

Abin da ya fitar da binciken asali daga sha'anin aure da gado ya mai da shi sha'anin ci da sha shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin. An ƙirƙiri jihar Binuwai-Filato a 1967, Filato a 1976. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin 'yan asalin jihohi, na 1999 ya riƙe ta. Daga nan gurbin karatu, da tallafin karatu, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda, duk suka rataya a kan wannan takarda da ƙaramar hukuma ke bayarwa. A 1987 Hausawan garin suka kafa ƙungiyar ci gaban Jasawa, suna masu cewa su mutanen Jos ne, ba su da wani gari. A 1991 gwamnatin Babangida ta yanke Jos ta Arewa, aka zaɓi Sama'ila Muhammad shugabanta, Jasawa suka riƙa samun takardar. Naɗa Aminu Mato ya riƙe ƙaramar hukumar ya haddasa rikicin 12 ga Afrilu 1994. Bayan zaɓen 1999, a zamanin shugabancin Frank Tardy a ƙaramar hukumar, aka daina ba su ita. Rikicin da ya ɓarke ran 7 ga Satumba 2001 ya ci rayuka kusan 1,000 cikin mako guda, aka sake yi a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Kwamitin binciken Mai Shari'a Fiberesima na 1994, da na Niki Tobi na 2001, da taron zaman lafiya na Filato na 2004, duk sun tsaya a kan cewa Birom da Anaguta da Afizere ne 'yan asalin Jos. Jasawa ba su yarda da wannan matsaya ba.

Wannan ya jefa matashin Kwararafa cikin tsaka mai wuya. In yana son aikin gwamnatin tarayya, dole ya kawo indijin daga wani wuri. Ya bi sawun kakansa zuwa Kazaure ko Misau, mai unguwa da dagaci su shaide shi, ya samu takarda, to ya sa hannu da kansa a kan hujjar masu cewa shi baƙo ne a garin da aka haifi ubansa da kakansa. Ya ƙi, ya zauna ba takarda. Ba ma kowa ke da zaɓin ba. Wanda kakansa ya gudo daga bauta, ko ya taso daga Damagaram ko Agadas da yanzu ke Jamhuriyar Nijar, ko aka manta sunan ƙauyensu, ba shi da inda zai yi sallama. Wanda ya je ma yakan tarar gidan ya zama kango, dangi na yi masa kallon mai neman gado, ana dariyar Hausarsa. A Jos Bahaushe, a Kano ɗan Jos. Wasu kan bi ta bayan fage su samo takardar ƙaramar hukumar da ba su taɓa takawa ba, 'ya'yansu su gaji wannan asalin na takarda, abin da zai wahalar da duk mai bincike nan gaba.

Shaidun kansu ƙarewa suke yi. Gobarar rikici ta cinye kundaye da hotuna da takardun filaye a gidaje da dama. Wasu tsofaffin barikokin kuza, irin Kuru Karama inda aka yi kisan Janairun 2010, sun watse, mazaunansu suka tare a cikin gari suka bar maƙabartun kakanninsu. Rabuwar unguwanni tsakanin Musulmi da Kirista ta sa ziyarar dangin uwa sai an yi shawara. Waɗanda suka yi wayo a zamanin ɗiban gwamna kuwa sun doshi shekara 90. Gwajin ƙwayoyin halitta, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka runguma don gano yankin da aka kwaso kakanninsu, ba ya warware wannan matsala. Yana iya nuna alaƙa da wani babban yanki na Afirka, ba ya iya nuna gunduma, kuma babu sakatariyar ƙaramar hukumar da ke karɓar sa.

Dokar ƙasa, a rubuce, ta fi aikin da ake yi da ita sassauci. Sashe na 318 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki mutum ɗan jiha in ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ya fito daga wata al'umma ta asalin jihar, bai bambanta uwa da uba ba. Da za a bi shi yadda yake, kakar da aka auro daga ƙauyen Birom ko Jarawa, wadda gida ya daɗe yana sakaya sunanta na fari, ta isa ta ba jikokinta matsayin da suke nema. A aikace ƙananan hukumomi bin uba suka fi yi, a Filato da Kano da sauran jihohi. Sashen kuma bai faɗi abin da ke sa al'umma ta zama ta asali ba, bai yanke shekarar da za a fara ƙirge daga gare ta ba, kuma gyare-gyaren da aka yi wa tsarin mulkin tun daga 2010 ba su taɓa wannan wuri ba.